Bakaniken Sabon Gari da ya shirya mini babur kafin hawan Jos

Masu gyaran babur a Zariya ba sa ƙirguwa. Daga Kwangila har Tudun Wada, duk inuwar da ka ga baƙin mai ya rine ƙasarta, akwai mai sifana a wurin. Yawancinsu sun iya abin da ɗan acaɓa yake buƙata: a goge fulogi, a ja sarƙa, a yi juye, mutum ya koma neman abinci. Wanda nake so in yi magana a kansa wani dattijo ne a Sabon Gari, kusa da masu sayar da kayan babur. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne ba ya taɓa mashin sai ya tambayi inda za a je da shi.

Ni da abokina muka yi shawarar fita da baburanmu ta hanyar Jos, mu hau tsauni mu dawo a yini guda. Tafiya ce ta sama da kilomita 200 zuwa kaɗai. Nawa Boxer ne irin wanda ya cika gari, giya huɗu, birkin gaba da na baya duk masu takalmi ne, ba masu faifai ba. Na kai shi gareji na ce, "Baba, a yi mini juye, a taɓa kafireto don ya samu ƙarfin hawa."

Ya ce, "Malam, hawa kowane mashin zai hau, ko da rarrafe ne. Gangarowa ce abin tsoro. Birki za mu fara dubawa."

A gabana ya kwance tayar baya, ya zaro takalman birki ya miƙo mini ya ce in shafa. Sun yi sulɓi suna ƙyalli, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. A cikin gari, inda ba ka wuce gudun zuwa Samaru ka dawo, irin wannan takalmi zai iya kai ka wata da watanni ba ka san da matsala ba. A doguwar gangara kuwa zafi yake ɗauka, da ya yi zafi sai ka taka ka ji ƙafa tana nitsewa, mashin bai san kana yi ba. Ya aiki yaronsa ya kawo iri biyu, ya faɗa mini kuɗin kowanne, ya nuna wanda shi zai sa in nasa ne, ya bar mini zaɓi. Kafin ya ɗaura sai da ya goge cikin kwanon tayar da sanfefa, ya busa ƙurar, sannan ya ɗiga giris kaɗan a mahaɗar da take buɗe takalman, yana kiyayewa kada ya taɓa fatar birkin.

Wani abin da ya yi ban taɓa ganin an tsaya an yi mini shi ba. Ya juya tayar a hankali yana ƙwanƙwasa wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da bakin sifana, kunnensa a kusa. Wadda ta ɗauru takan yi ƙara siririya, wadda ta saki sai ta yi wani dum. Ya tsinci sakakku ya ɗaure su, ya sake juyawa har tayar ta daina rawa. Sarƙa kuma bai ja ta ba sai da ya sa na hau na zauna, domin nauyin mutum yana ƙara mata tauri, ya bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu. Wayar kuloci ta fara tsinkewa daga wajen hannu, ya canza ta, ya naɗe wata sabuwa ya ɗaure mini a ƙarƙashin kujera.

Kafireton da na zo dominsa kuwa ya ƙi kwancewa. Ya wanke soson iska kawai, ya ce injin lafiyarsa lau, kuma in na ji ƙarfi ya ɗan ragu a sama kada in damu. Gaskiyarsa ne. Zariya ba ta kai mita 700 daga doron teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, iskar can ba ta kai ta nan kauri ba, ƙaramin inji dole ya ji a jikinsa. Da wani bakaniken ne, da ya kwance ya karɓi kuɗinsa.

Bayan sallar asuba muka ɗau hanya ta Dakace. Daga nan zuwa Soba har Pambeguwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, gonaki hagu da dama, sai ramuka da manyan motoci da za ka riƙa kaucewa. A Saminaka, garin masara, muka sha shayi muka cika tanki. Daga Jengre ne hanya take canza hali. Duwatsu suna matsowa, kwana tana bin kwana, sanyi yana shiga ta hannun riga, ka sauko zuwa giya ta uku, wani wurin ta biyu. Ka ɗaga kai ka ga dutse a kan dutse, ka waiwaya ka hango filin da ka baro ya yi ƙasa. Domin wannan yankin kaɗai tafiyar ta biya wahalarta. Ba mu shiga cikin gari ba, saboda an hana acaɓa a Jos da Bukuru, kuma ba mu son doguwar magana da jami'ai kan ko namu na haya ne. A wajen Mista Ali, wata unguwa da ke kafin a shiga Jos, muka yi azahar, muka ci abinci, muka juyo.

A dawowa aikin dattijon ya nuna kansa. Ya riga ya gargaɗe ni kada in kashe inji ko in matse kuloci don tsimin mai, kamar yadda samari suke yi a gangara. A bar mashin cikin giya, inji ya riƙe shi, birki kuwa a taɓa a saki, gaba da baya tare. Haka na yi, kuma duk kwanar da na nemi birki na same shi yadda na bar shi da safe. Abokina a bakin titi aka yi masa juye kawai. Ana tsakiyar gangara ya yi mini hon muka tsaya, tayarsa ta baya tana ƙauri, kwanon ba ya taɓuwa don zafi. Muka zauna a gefen hanya har ya huce, daga nan ya sauko da giya biyu a hankali. Allah ya kiyaye, domin akwai tirela a bayanmu ba nisa.

Wurin yana da nasa naƙasu. Dattijon ba ya sauri, kuma ba ya haɗa aiki biyu, in ka tarar da wani a gabanka sai haƙuri. Wurin zama benci ɗaya ne a ƙarƙashin kwano, da rana ta take sai zufa. Kuɗin aikinsa ya ɗara na maƙwabtansa, ba ya kuma son ciniki. Sannan fitila ta kuɓuce masa. Magariba ta riske mu kafin Zariya, na kunna na ga haskenta yana dukan rassan bishiya maimakon titi, ga ramuka. Da na koma na faɗa masa, ya karɓi laifin ba gardama, ya saita ta bai karɓi ko sisi ba. Duk da haka, wanda aka ce masa tafiyar yini ce ya kamata ya tuna da dare.

Mai neman a taɓa masa mashin ya wuce cikin minti goma, nan ba wurinsa ba ne. Mai doguwar tafiya, musamman ta tsauni ko da goyo, ya kai masa da sassafe ana saura kwana biyu, don sabon takalmin birki ya samu ya zauna a cikin gari tukuna. Ya faɗa masa hanyar da zai bi da nauyin da zai ɗauka, ya kuma ce a duba fitila.