Gargaɗi ga masu injin wanke kwanuka a Kaduna

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo gidaje da sunan gyaran injin wanke kwanuka. Ni dai ya ci kuɗina a Barnawa, kuma daga baya na ji ya yi wa wata baiwar Allah irin wannan a Malali. Ba zan kama suna ba, don sunan da ya ba ni daban, wanda ya ba ta daban. Salon damfarar ne bai canza ba, shi zan faɗa muku.

Injina ɗan kwatano ne. Ranar wata Asabar na tarar da ruwa kwance a gabansa, ya ƙi wanki, sai gurnani yake ba tsayawa, fuskarsa ta nuna wani rubutu, E15. Na samu lambar mutumin a wani zauren WhatsApp na matan unguwa. Ya zo da jakar kayan aiki tsaf, ya kashe soket, ya ce in ɗan ba shi wuri. Ina daga bakin ƙofar kicin na ga ya jawo injin ya karkata shi, ruwa ya kwararo, ya mayar ya kunna, rubutun ya ɓace. Sai ya juyo ya ce, "Hajiya, na ɗan lallaɓa shi ne kawai. Ƙwaƙwalwar injin ce ruwa ya taɓa, in ba a canza ba cikin kwana biyu zai ƙone gaba ɗaya." Wai babu ita a Kaduna sai an aiko daga Legas, naira dubu 85, kafin alƙalami dubu 50. Na tura. Asusun ma ba sunansa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne, ban kawo komai a raina ba.

Kwana uku ruwa ya dawo, E15 ta dawo, lambarsa kuwa a kashe.

Wani dattijo mai gyaran firij da injin wanki, wanda maigidana ya sani tun suna Tudun Wada, shi ya warware min zancen. A injinan Bosch da Siemens, E15 na nufin ruwa ya taru a farantin da ke can ƙarƙashin injin. Akwai wani ɗan abu mara nauyi a wurin, in ruwa ya ɗaga shi sai ya taɓa makunni, injin ya rufe hanyar shigar ruwa, famfon fitarwa ya yi ta aiki. Gurnanin da nake ji ke nan. Wato ƙwaƙwalwar ma aikinta take yi, lafiyarta lau. Duk wanda ya karkata injin ruwan zai zube, rubutun ya ɓace, amma inda ke yoyon yana nan. Na ce, "Baba, ashe dubu 50 na biya aka zubar min da ruwa?" Ya ce, "Shi ke nan abin da aka yi miki, 'yata."

Shi bai taɓa komai ba sai da ya shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa, ya cire murfin gindin injin, ya kunna, ya haska tocila yana kallon inda ɗigon farko zai faɗo. Abu biyu ya gano. Kilif ɗin da ke riƙe tiyon fitar da ruwa ya saki, ya ɗaure shi da sukundireba. Na biyun laifinmu ne: sabulun injin ya ƙare, yarinyar da ke taya ni aiki ta riƙa zuba sabulun ruwa na wanke-wanke da hannu. Wannan kumfa yake yi, kumfar ta cika injin ta malala ƙasa. Ban ga laifinta ba, ni ce ban taɓa faɗa mata ba.

Ya kuma nuna min wuraren da kowa zai iya dubawa kafin ya kira wani. Robar bakin ƙofa, in maiƙo ya daskare a kai ko ta tsage, ruwa zai biyo ta gaba. Matatar da ke ƙasan injin, in shinkafa da ƙashin kifi suka toshe ta. Hannun da ke juyawa yana fesa ruwa, in ya tsage sai ya riƙa watsa ruwan kai tsaye a ƙofa, kuma mu masu rijiyar burtsatse yashi kan toshe ƙananan ramukansa. Sai zaman injin, in ya karkata gaba. Amma a cire fulogi a rufe famfo tukuna, ruwa da lantarki ba a wasa da su.

Don haka in mai gyara ya ambaci ƙwaƙwalwa bai nuna miki inda ruwan ke fitowa ba, ki dakatar da shi. Ki tambaye shi ina shagonsa, a tura yaro ya gano da ido. Kada ki tura kuɗi asusun da ba sunansa ba, kuma duk abin da aka ce an canza, a ajiye miki tsohon a hannu. Kada ki bari a fita da injin daga gida. Ita ta Malali har famfon injinta ya kwance ya tafi da shi, wai zai kai kasuwar Panteka a gwada, yau wata biyu ke nan.

Na kai rasit ɗin tura kuɗin da lambar wayarsa ofishin 'yan sanda. Duk wadda ya taɓa yi wa haka ta kai nata, a haɗa su wuri ɗaya.