Tsohuwar Canon ɗina a bukukuwan Nima

Ta hannu na sayi kyamarar Canon 5D Mark III a Circle da ke Accra, da ita nake cin abinci a bukukuwan unguwannin Nima da Mamobi. Tun 2012 ta fito, amma tsufanta bai dame ni ba. Katin ajiye hoto biyu take ɗauka, CF da SD, kowane hoto ya sauka a dukansu. Ranar wani suna katina ɗaya ya mutu, wallahi ko mai jego ba ta sani ba.

Nauyi kam akwai shi, wuyana ya shaida. Ɓangaren SD kuma akwai jinkiri: amarya ta shigo, kana ɗauka a jere, sai ta tsaya maka. Ba ta da Wi-Fi, sai na koma gida nake tura hotuna.