Tukunyar gas ko na'urar jan zafi: wacce ta dace da gidanka a Ingila?

Duk mai gida a Landan ko Manchesta, ranar da tukunyar gas ɗinsa, wato boila mai dafa ruwan ɗumama gida, ta tsufa sai ya zaɓi ɗaya: ya sake sayen irinta, ko ya koma na'urar jan zafi mai aiki da lantarki.

Tukunyar gas ta fi araha wajen saye, masu gyaranta kuma suna kowace unguwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na gas ɗin da ta ƙona yakan zama ɗumi. Ita kuwa na'urar jan zafi ba ta ƙona komai. Aikinta irin na firji ne amma a juye: tana zuƙo zafi daga iskar waje, ko da ana dusar ƙanƙara, ta tura shi cikin ruwan da ke zagaya gidan. Da yunit ɗaya na lantarki takan ba da ɗumin kusan yunit 3.

Sai dai a Birtaniya farashin lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Na'urar tana ƙwazo ne idan ruwan bai wuce digiri 50 ba, alhali radiyetocin tsofaffin gidaje, wato faifan ƙarfen da ruwan zafi ke ratsawa don ɗumama ɗaki, an yi su ne don ruwa mai digiri 60 zuwa 70. In mai haɗa na'urar bai sa manyan radiyetoci ba, sai ya ƙara zafin ruwan, kuɗin wuta ya yi sama. Don haka ka nemi ya auna zafin da kowane ɗaki ke asara, ya rubuta maka digirin da zai saita. Wanda ya ba ka farashi ta waya bai taka gidanka ba, ka rabu da shi.

Akwai irin da ke jan zafi daga ƙasa, amma tana buƙatar haƙa, kuma yawancin gidajen birni ba su da isasshen fili. Yawanci ta iska ce ke shiga: akwati mai fanka a bayan gida, da tankin ruwan zafi a ciki. Mai tukunyar da ba ta da tanki, sai ya fara nemo inda zai ajiye shi.

Tun Oktoban 2023 gwamnati tana ba da tallafin fam 7,500 na saka na'urar jan zafi a Ingila da Wales, kuma mai haɗawa da ke da takardar MCS, wato shaidar tantance masu haɗa irin waɗannan na'urori, shi ne zai nema maka. Idan ɗakinka a bene yake, samu izinin mai ginin a rubuce kafin ka biya ko sisi.