Safar hannu mai inji da na saya wa Baba: wata huɗu muna amfani da ita

Jama'a tun da na sa hoton Baba da safar nan ake ta tambayata ko tana aiki, to ga abin da na gani. Bayan shanyewar ɓarin jiki ta kama shi hannun dama ya dunƙule kamar ya riƙe goro, sai na yi odarta daga Caina, na biya da momo (tura kuɗi ta waya), ta iso mana unguwar Aboabo a Kumasi bayan dogon jira.

Aikinta ba wuya, ɗan akwati ne mai famfon iska, iskar ta shiga ta lanƙwasa yatsu ta fita ta miƙe su. Akwai wata safar ta biyu da ake sawa a hannu mai lafiya, in ya dunƙule shi sai mara lafiyan ya kwaikwaya, wannan kam Baba na so har dariya yake yi. Yatsun sun saki gaskiya, yanzu yana riƙe kofin koko. Amma batirin shirme ne, in aka ɗauke wuta rabin awa ya mutu.

Inda na yi kuskure shi ne na ɗauka matsalar a hannu kaɗai take. Sai da muka koma Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta lura Baba na manta abin da aka ce ya yi, ta tura mu aka yi masa gwajin ƙwaƙwalwa da ake kira MoCA, wanda maki 30 ne, a ce ka zana agogo, ka riƙe kalmomi biyar, ka yi ta cire 7 daga 100. Lissafin kam ya cinye, tsohon ɗan kasuwar Kejetia ne fa, amma kalmomi biyar ɗin ɗaya ya tuna. Sai kuma aka nuna masa hoton karkanda wai ya faɗi sunanta, ya juyo ya ce min "kai yaro, wannan wace irin saniya ce?" Mutumin da allo ya yi ba boko ba, ina ya san karkanda, kuma a rage masa maki?

Shi ya sa aikin Farfesa Michelle Johnson ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya burge ni. Injinsu TheraDrive mariƙi ne da kake juyawa kana bin wasa a kwamfuta, yana auna motsin hannu da ƙwaƙwalwa tare, sun gwada shi kan masu shanyewar jiki da masu HIV, don ita ma cutar tana taɓa tunani tana kuma ƙara haɗarin shanyewar.

Tawa safar ba ta auna komai, matsa yatsu kawai take. In za ka saya saya, amma ka fara kai tsohonka a duba ƙwaƙwalwarsa, kuma kullum ka zauna kusa da shi, don Baba sau biyu yana kunna ta ya manta yadda ake kashewa.