Galaxy: na daina loda fayilolin DNA ɗaya bayan ɗaya

Aikina a kan ƙwayoyin cuta ne masu bijire wa magani, kuma kamar yawancin abokan aikina ba ni da kwamfutar da za ta iya harhaɗa DNA ɗinsu. Shi ya sa nake aiki da Galaxy, dandalin nazarin bayanan halitta da Anton Nekrutenko da marigayi James Taylor suka fara a Jami'ar Penn State ta Amurka a 2005. Na fi amfani da usegalaxy.eu, wanda Jami'ar Freiburg ta Jamus ke kula da shi. Rajista kyauta ce, kuma suna ba mutum ma'ajiya ta gigabait 250. An yi rubutu da yawa a kan manhajojin da ke ciki, ni kuwa abin da nake son in yi magana a kai shi ne ƙofar shiga, wato yadda fayil zai isa can tun farko, domin a nan ne mutanenmu ke karaya.

Faranti ɗaya mai ramuka 96, kowane rami da samfur ɗaya, idan na'urar Illumina mai karanta DNA ta karanta shi ta ɓangare biyu, fayiloli 192 zai haifar, kowane samfur da fayiloli biyu nasa, R1 na karatun gaba da R2 na karatun baya. Abin da kowa ke fara yi shi ne ya sauko da su duka a laftof ɗinsa, sannan ya sake tura su Galaxy. Ka ga an biya kuɗin data sau biyu ke nan, an kuma kwana ana gadin intanet, ana fargabar kada a ɗauke wuta.

Abin da ya sauya mini aiki shi ne Galaxy na karɓar adireshin fayil na intanet a maimakon fayil ɗin kansa. Idan ɗakin gwajin da ya karanta maka samfur ya turo adireshin saukewa, sai ka liƙa su a akwatin Paste/Fetch data, kowane adireshi da layinsa, ka danna Start. Daga nan sabar Freiburg, wato babbar kwamfutarsu, ita ce za ta je ta ɗauko da kanta. Kai abin da ya fita daga wayarka 'yan layukan rubutu ne kawai. Ko ka rufe laftof ka tafi masallaci aikin na tafiya, kana dawowa ka tarar akwatunan da ka bari da ruwan toka a History, wato jerin fayilolin aikinka a Galaxy, sun zama kore. Haka abin yake ga bayanan da ke rumbunan jama'a irin su SRA: akwai manhajar da za ka ba jerin lambobin samfur, masu farawa da SRR ko ERR, ta kwaso su ta jera maka.

Inda na fi yaba musu shi ne sashen da suke kira Rule-based. Da farko yana da ban tsoro, ba zan ɓoye ba, domin tebur ne da dokoki, babu wani ado. Amma ga abin da yake yi. Ka liƙa tebur mai ɗauke da adireshi, sai ka gaya masa wannan shafi adireshi ne, daga cikin sunan fayil ka yanko mini sunan samfur, wannan 1 da 2 ɗin kuma su ne ke nuna gaba da baya. Yana gamawa sai fayiloli 192 su shiga a matsayin tari guda mai samfur 96, kowanne da abokin tafiyarsa. Tarin nan za ka miƙa wa FastQC sau ɗaya ya duba ingancin duka, MultiQC ya haɗa maka rahoto, Shovill ya harhaɗa kowace ƙwaya da sunanta. Wanda ya taɓa haɗa R1 na wani samfur da R2 na wani ya san darajar wannan. Dokokin kuma ana iya kwafe su a ajiye, in wani faranti ya zo a sake liƙawa. Shawarata ga mai farawa, ya zauna da darasin Galaxy Training Network a kan wannan sashe kafin ya taɓa bayanansa.

To, idan fayilolin suna hannunka fa, a faifan da aka miƙo maka? Nan dole su bi ta intanet ɗinka. Akwai ƙaramar manhaja mai suna galaxy-upload da ake kira daga layin umarni, tana tura fayil gunduwa-gunduwa, idan layi ya yanke kuma za ka iya ce mata ta ci gaba daga inda ta tsaya. A garin da sabis ke zuwa yana tafiya, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. FTP ma, wata hanyar tura fayil zuwa saba, yana nan ga mai so.

Cikakkiyar sarrafa kai kuwa sai da BioBlend, wato kundin Python, harshen rubuta manhaja, da ke magana da Galaxy a madadinka. Za ka ɗauko mabuɗin API, wato lambar sirrin da ke ba rubutunka izinin shiga Galaxy da sunanka, daga saitin asusunka. Rubutun da nake amfani da shi gajere ne: yana leƙa wata jaka a kwamfutar ɗakin gwaji, in ya ga sabon fayil ya buɗe History da sunan aikin, ya tura, ya jira har ya zama kore, sannan ya tayar da jerin ayyukan da na riga na tsara. Mabuɗin nan daidai yake da makullin gidanka, duk wanda ya riƙe shi zai iya karanta bayananka ya kuma goge su, don haka kada ya shiga rubutun da za ka ɗora a GitHub, dandalin da ake wallafa rubutun manhaja.

Akwai abubuwan da ya kamata a sani. Galaxy na ƙoƙarin gane nau'in fayil da kansa, amma ni na fi son in faɗa masa tun a lodi cewa fastqsanger.gz ne, wato sunan da Galaxy ke kiran matsattsun fayilolin R1 da R2, domin manhajoji da yawa ba sa nuna fayil a jerin zaɓi idan nau'insa bai dace ba. Gigabait 250 kuma na cika da wuri, saboda kowane mataki na nazari sabon fayil yake haifarwa, kuma abin da ka goge yana nan a lissafinka har sai ka shafe shi dindindin. Sabar ta kowa da kowa ce, wani lokaci sai ka bi layi. Sannan adireshin da ɗakunan gwaji ke turowa galibi suna da wa'adi, gara a kwashe da wuri.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kai. Bayanan DNA na majinyaci da za a iya gane mai shi ba na sabar jama'a ba ne, komai sauƙin lodin. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, ga kuma sharuɗɗan kwamitin ɗa'ar bincike, irin wannan aiki sai a Galaxy da cibiya ta girka wa kanta. Amma ga mai aiki a kan ƙwayoyin cuta, ko sauro, ko gero da dawa, ina ba da shawarar Galaxy ba tare da shakka ba, kuma ya nemi ɗakin gwajin ya turo masa adireshi a tebur tun kafin ya biya kuɗin aikin.