Mai yankan makulli, mai walda ko kamfani: wa za ka ba aikin ƙofar shagonka?

Shekara biyu da suka wuce, wani maƙwabcina a layinmu ya zo buɗe shago da safe, ya tarar da kwaɗonsa a ƙasa, a kulle, ko ƙwarzane babu. Ɓarayin ba su taɓa shi ba. Kunnen ƙarfen da ake saƙala shi a ciki suka datse, suka kwashe atamfa da shadda suka yi gaba. Kwaɗon da tsada ya saye shi, kunnen kuwa guntun ƙarfe ne da mai walda ya ɗosa wa wuta a wuri biyu. Da muka taru muna jajanta masa, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Wallahi mai kyau na saya." Gaskiya ya faɗa. Sai dai babu wanda ya tsaya ya duba masa ƙofar gaba ɗayanta.

Tun ranar na rage tambayar wane kwaɗo ya fi, na koma tambayar wa zai yi aikin, kuma ina da ina zai duba. A Kano, daga Kantin Kwari zuwa Sabon Gari da Singa, mutum uku ɗan kasuwa yake kira idan zancen kulle ya taso: mai yankan makulli, mai walda, da kamfanonin da ke sa ƙofar yatsa, wato wadda ake buɗewa da zanen yatsa, da kyamara. Na yi hulɗa da dukkansu, kuma kowannensu yana da inda ya ƙware da inda yake barin kafa.

Mai yankan makulli

Shi ne mafi kusa da kai kuma mafi sauƙin kuɗi. Makulli ya karye a cikin kwaɗo, ko ya ɓace ana tsakiyar ciniki, shi zai zo da 'yar jakarsa ya buɗe ba tare da an fasa ƙofa ba. Idan ka dace da tsohon hannu, zai kalli kwaɗo ya gaya maka jabu ne tun kafin ka biya. Wannan kaɗai ya isa ka riƙe lambar mutum ɗaya da ka yarda da shi.

Raunin yana cikin sana'ar kanta. Duk wanda ya kawo makulli za a yanka masa irinsa cikin 'yan mintoci, ba a tambayar na waye. Yawancin kwaɗunan da ke kasuwa suna aiki ne da tsarin da Linus Yale ƙarami ya inganta a Amurka a shekarun 1860: 'yan fil biyar ko shida a jere, kowanne da sifirin a bayansa, haƙoran makulli su ɗaga su daidai sai silinda, wato ɓangaren da makulli ke shiga, ta juya. Tsari ne mai kyau, amma ɗanyen makullinsa, wanda ba a yanka wa haƙora ba tukuna, yana rataye a teburin kowane mai yanka.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Akwai lokacin da kaya suka riƙa raguwa a sitona kaɗan-kaɗan, ba a fasa ko'ina ba. Ban zargi kowa ba, domin makullin ya bi ta hannu da yawa: yara masu buɗe shago da sassafe, masu dako, har mai fenti. Na kira mai gyara, ya dubi ƙofar ya ce, "Alhaji, ba sai ka canza duka ba, silinda kawai za mu cire." Ƙusa ɗaya ya kwance ya zare ta ya sa sabuwa. Daga ranar kaya suka daina tafiya. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya sa duk lokacin da yaro ya bar aiki, ko da an rabu lafiya, nake sauya silinda, kuma ba na ɗaukar hakan a matsayin zargi.

Mai son rufe wannan kafar sai ya nemi makullin da ba a yanka shi a bakin titi. Kamfanoni irin su Mul-T-Lock da Abloy suna da nau'in da ke zuwa da kati, ba a ƙara makulli sai a wurin dillalinsu kuma sai an nuna katin. Abloy na da wani abin da ya dace da ƙasarmu. Tun 1907 da Emil Henriksson ya ƙirƙiro shi a ƙasar Finland, faifai masu juyawa yake amfani da su maimakon fil da sifirin, saboda haka ƙurar hunturu ba ta cika cushe shi ba. Tsadarsa a fili take, kuma idan makulli ya ɓace sai ka jira dillali, wanda sau da yawa ba a garinku yake ba. Jabun manyan sunaye kuma sun cika kasuwa. Ka tambayi mai sayarwa, "Idan ina son ƙarin makulli, ina zan je?" Idan ya ce ko'ina za a yanka maka, to ba abin da kake nema ba ne, ko wane suna aka buga a jiki.

Ga kwaɗon rataye, abin dubawa shi ne wuyansa. Wanda wuyansa yake a buɗe, dogo, almakashin ƙarfe yana samun wurin kamawa. Wanda jikinsa ya rufe wuyan ya bar ɗan kaɗan a waje ya fi wuyar datsewa. Turawa suna da ma'auni mai suna EN 12320 da ya kasa kwaɗuna aji 1 zuwa aji 6, na 6 shi ne mafi ƙarfi. Ƙananan kwaɗunan Tri-Circle da ke ko'ina sun dace da durowa da akwati, ba ƙofar da dukiyarka take kwana a bayanta ba. Kuma idan kwaɗo ya fara tauri, kada a ɗura masa man gyaɗa ko baƙin mai, ƙura za su tara su daskare. Garin bakin fensir ya fi.

Mai walda

A ganina, ga shagon kasuwa, wannan shi ne mutumin da ya fi kowa muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa ciniki har a matse shi ya rage ƙarfe. Araha ba ta ado. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1 da mai milimita 2 kamarsu ɗaya bayan an shafa fenti, amma ba ɗaya suke ba a gaban mai ɓanɓara. Idan da hali, ka bi shi Ƙofar Ruwa ku sayi ƙarfen tare, ko ka je ka ga ƙofar kafin a yi mata fenti, lokacin da walda take tsirara. Ɗigon walda nan da can ba ɗinki ba ne, ka ce a ja ta daga sama har ƙasa.

Mai walda na ƙwarai yakan fara ne da bango. Zai tambaya ko firam ɗin yana da ƙafafu da aka binne a kankare, ko kuwa a bulo kawai aka manna shi. Zai duba hinji, domin idan a waje yake kuma ana iya zare ƙusarsa, an buɗe ƙofar ta baya ke nan kwaɗo yana rataye. Zai kuma ƙera wa kwaɗon akwatin ƙarfe wanda hannu kaɗai ke shiga ta ƙasa, yadda zarto da almakashi ba za su kai gare shi ba. Da maƙwabcina yana da wannan akwatin, da labarin ya canza. Wanda ya yi mini aiki na ƙarshe, bayan ya gama da ƙofa ya ɗaga kai ya ce, "Maigida, saman fa?" Silin ne kawai tsakanin kayana da kwanon rufi. Muka shimfiɗa raga ta rodi. Ban kira shi don wannan ba, shi ya gani, kuma tun daga nan ban ƙara kiran wani ba.

Inda mai walda yake gazawa shi ne cikin kulle. Zai iya kafa silinda ta yi tsini a waje, alhali bai kamata ta wuce jikin mariƙi da fiye da milimita 3 ba, don kada a kama ta a karya. Saboda haka nakan haɗa shi da mai makulli rana ɗaya, su yi aikin tare. Abu ɗaya kuma da ba na yarda da shi: a toshe kowace mafita da walda. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ya san wuta ba ta jira a nemo makulli. Wurin da mutane suke zama a ciki dole ya kasance da ƙofar da ake buɗewa ta ciki da hannu ɗaya.

Kamfanin ƙofar yatsa da kyamara

Nan ne kuɗi suka fi tafiya, nan ne kuma na fi jin ƙorafi. Amfanin gaskiya ne. Na'urar yatsa ko ta kati, irin ta ZKTeco da makamantanta, tana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, kuma ranar da ma'aikaci ya tafi sai a goge sunansa, ba a canza komai. Ga kantin magani, ofis, ko shagon waya mai ma'aikata da yawa, wannan babban sauƙi ne.

Amma tambayar farko ita ce wuta. Wata 'yar uwata mai kantin magani an sa mata ƙofar gilashi mai maganaɗisu. Irin wannan maganaɗisun, wanda aka fi sawa yana riƙe nauyin kilo 280, ƙato ba zai iya ture shi ba. Sai dai da lantarki yake riƙewa, wuta na yankewa yake saki. An yi shi haka da gangan don mutane su tsira lokacin gobara. Wata rana aka kwana babu wuta, batir ya ƙare, da asuba mai gadi ya jingina da ƙofa ta buɗe. Allah ya tsare ba a ɗauki komai ba. Da ta kira wanda ya sa, sai ya ce, "Hajiya, ai batirin ne ya yi sanyi." Bai taɓa gaya mata haka abin yake ba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: maganaɗisun yana jan kusan rabin amfiya, batirin da aka saba haɗawa da shi mai bolt 12 ne da 7Ah (amfiya 7 na tsawon awa ɗaya), wato kimanin awa 14 a takarda idan sabo ne. Na'urar yatsar ma tana sha daga nan, zafinmu kuma yana saurin cinye irin wannan batir. Maganaɗisu na rana ne, lokacin da ake shiga da fita. Da dare sai sakata da kwaɗo. Kamfanin da bai faɗa maka haka ba tun farko, sayarwa ya zo yi.

Akwai kulle mai yatsa da ke aiki da ƙananan batura a jikinsa, shi ba ruwansa da NEPA, kuma idan batir ya ƙare a kulle yake zama. Ka tabbata yana da makullin ko-ta-kwana, kuma kada ka ajiye shi a cikin ɗakin da ya kulle. A lokacin hunturu yatsu suna bushewa su tsattsage, na'ura ta ƙi gane su, don haka a yi wa kowa rajistar yatsa biyu da lambar sirri.

Sai batun da aka fi mantawa: wa yake riƙe da ragamar na'urar? Mai sa kyamarar Hikvision ko Dahua yakan haɗa ta da asusunsa a waya don ya gwada, ya tafi bai cire ba. Yana iya kallon shagonka daga gidansa, kuma ranar da kuka saɓa ba za ka iya haɗa ta da naka asusun ba sai ya sake ta. Ka sa a buɗe asusun da lambar wayarka, ka sa kalmar sirri da hannunka, ka canza ta bayan ya fita. Akwatin da ke naɗar hoton kuma kada a ɗora shi a kan kanta, ɓarawon da ya san aiki da shi yake tafiya.

Game da sef, wato akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi da takardu, ka sani wanda aka yi don wuta daban, wanda aka yi don ɓarawo daban. Na wuta yana kare takardu amma jikinsa na iya zama mai sauƙin fasawa, na ɓarawo kuma ƙarfe ne mai kauri da zai iya gasa abin da ke ciki. Ka faɗi wanda kake buƙata, kuma ko wanne ne a ɗaure shi da ƙasa.

Idan shago ɗaya gare ka a cikin kasuwa mai 'yan sintiri, ni zan zuba kuɗina a wurin mai walda da kwaɗo biyu masu rufaffen wuya, kyamara ta biyo baya. Idan ma'aikata ne da yawa da sito, makulli mai kati ko na'urar yatsa ya cancanci kuɗinsa, amma a bayan ƙofar ƙarfe.

Ko wa ka zaɓa, ka nemi ya nuna maka aikin da ya yi shekara ɗaya ko biyu baya, ka je ka gaisa da mai shagon ba tare da shi ba, ka tambaya ko yana ɗaga waya bayan an biya shi. Kamfani ana iya duba sunansa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, idan kuma har da masu gadi yake bayarwa, hukumar Sibil Difens ce ke ba su lasisi. A rubuta ƙiyasi, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, da sunan kowane kaya da tsawon garanti. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kaya. Kwalin kulle a buɗe shi a gabanka, ka ƙirga makullan ka karɓe su duka, kada a tafi da shi a kawo gobe.

Ranar miƙa aiki, kafin ka cika masa sauran kuɗinsa, ka kulle ka buɗe da kowane makulli ɗaya bayan ɗaya. Ka sa yaro ya shiga ciki ya gwada fitowa. Sannan ka kashe wutar shagon daga mita, ka kashe inbata, ka zare wayar batirin na'urar, ku tsaya tare da mai aikin ka tura ƙofar da kafaɗarka.