Ƙamus ɗin furuci na DOP: abin da ya yi mini a kan aikatau na Italiyanci

Mu da ke shirin jarrabawar harshen Italiyanci ta matakin B1, wadda Italiya ta gindaya tun 2018 ga mai neman zama ɗan ƙasa, yawanci jadawalin aikatau muke ta haddacewa a manhajojin waya. Wadda nake amfani da ita tana jero kalmomi tsaf, amma ba ta nuna gaɓar da ake dannawa da murya. Wannan ne ya kai ni ga DOP, ƙamus ɗin rubutu da furuci da gidan rediyo da talabijin na Italiya, RAI, ya fara fitarwa a 1969, aikin Bruno Migliorini da Carlo Tagliavini da Piero Fiorelli. Na intanet na yi aiki da shi, mai ɗauke da murya.

Italiyawa ba sa sa alamar nauyin murya a rubutu sai in ya faɗa a gaɓar ƙarshe, kamar parlò. Sauran duka kunne ne zai gane, yadda bokon Hausa ba ya nuna karin sauti. Ɗauki haruffan capito. Càpito na nufin ina faɗowa wuri ba shiri, capìto an fahimta ke nan, capitò kuwa abu ya faru can baya. Mai sauraro ba ya ganin takarda, don haka in nauyin ya kauce, ma'ana ta tafi.

Inda ƙamus ɗin ya fi burge ni shi ne aikatau irin su abitare da telefonare. Harshenmu na son ya ce abitàno, alhali àbitano ne, nauyin na can gaɓa ta huɗu daga ƙarshe, wato abin da suke kira bisdrucciola. Da na ga an rubuta àbita, sai dokar ta fito fili: siffar “su” tana barin nauyi inda siffar “shi” ta ajiye shi, shi ya sa ake cewa pàrla, pàrlano, telèfona, telèfonano. Haka ya raba mini prèndere da vedére, waɗanda ƙarshensu ɗaya ne a ido.

Rabon gaɓa a aji na koya, amma sauraron murya ne ya zaunar mini da shi. Baƙi biyu masu kama ana raba su, leg-go, fac-cio, kuma wannan ba ya wahalar da bakin da ya saba da “hannu”. Harafin s ne ke tsallakawa gaɓa ta gaba in wani baƙi daban ya biyo shi: ca-pi-sco.

Komai a cikin DOP da Italiyanci yake, kuma furuci ya sa gaba, ba fassara ba. Sabon shiga ya haɗa shi da ƙamus na ma'ana, ya kuma riƙa maimaita kowane aikatau da babbar murya bayan ya saurara.